Baba

baba (suna, namiji): tsiro ne dangin wake, mai yawan rassa, tsayinsa yakan kai ƙirjin mutum ko ya ɗara. Ganyensa ƙanana ne, furensa jaja-jaja, 'ya'yansa kuwa suna cikin siraran kwanso. Daga ganyen ake samun shuni: a yanko shi, a daka, a dunƙula, a shanya, sannan marina su zuba shi cikin karofi da ruwan toka, ya yi kwanaki yana ruɓa. Zanen da aka tsoma a ciki yakan fito kore, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. Da shunin ake rina rawanin ɗan Kura, abin alfaharin Buzaye. Rinin kanti ya rage masa kasuwa, amma bai kai shi kyau ba. *Misali:* Baban bana ya yi tsada a Ƙofar Mata.