Ranar Da Muka Tafa Wa Mugu: Waiwaye Kan Fim Ɗin Darr

A ƙarshen shekarar 1993 ne Yash Chopra ya fitar da fim ɗinsa mai suna Darr, wato Tsoro. Ba a daɗe ba kaset ɗinsa ya iso mana nan Illela, inda muka kalle shi a gidan bidiyo tare da samarin Ƙwanni da suka tsallako cin kasuwar Lahadi. Lokacin ina ɗan makarantar sakandare, amma har gobe ban manta abin da ya faru a ɗakin nan ba.

Labarin dai na wani saurayi ne, Rahul (Shah Rukh Khan), wanda son wata budurwa mai suna Kiran (Juhi Chawla) ya zame masa ciwo. Ita ba ta ma san yana yi ba, domin tana da nata masoyin, Sunil (Sunny Deol), sojan ruwa. Rahul ya dinga bin ta a ɓoye, yana damun ta da waya, yana in'ina wajen kiran sunanta, har ya kai ga zana sunan a ƙirjinsa da wuƙa. Da daddare kuma sai ya ɗauki waya yana hira da mahaifiyarsa wadda ta daɗe da rasuwa.

To, a al'adarmu ta kallon fim ɗin Indiya, jarumi ake yi wa tafi, bos kuwa tsinuwa. Amma ranar nan sai reshe ya juye da mujiya. Da Sunil ya kashe Rahul a ƙarshe, ɗakin ya yi tsit, wasu har da tsaki. Washegari yara suka cika makaranta da kwaikwayon in'inar Rahul. Ban ji wanda ya tausaya wa Kiran ba.

Ashe a Indiya ma haka aka yi. Fim ɗin ya samu kasuwa, ya kuma ci lambar yabo ta ƙasa, masu sharhi suka yaba wasan Shah Rukh Khan, wanda Baazigar (1993) da Anjaam (1994) suka ƙara ɗaga tauraronsa a irin wannan matsayi. Sunny Deol kuwa ya fusata, yana ganin an fifita mugu a kan jarumi, bai kuma sake aiki da Yash Chopra ba.

Sai dai zamani riga ne. Bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a Delhi a Disambar 2012, Indiya ta gyara dokarta a 2013, bibiyar mace ba da sonta ba ta zama laifi. Daga nan masu sharhi suka sake duban Darr da wani ido, suna tambaya ko irin waɗannan finafinai ba su koya wa samari cewa naci shi ne so ba. A 2015 ma, wani lauya a Ostareliya ya kare ɗan Indiyan da ake tuhuma da bibiyar mata biyu da hujjar cewa finafinan ƙasarsu ne suka nuna masa haka ake neman aure.

'Yan'uwa marubuta, me ya sa muka bi bayan Rahul? Ba don muna son mugunta ba ne. Mai fim ɗin ne ya shigar da mu cikin zuciyarsa, ya nuna mana maraicinsa, ya ba shi waƙoƙi masu daɗi. Kiran kuwa ihu da gudu kawai aka bar mata. Duk wanda marubuci ya buɗe mana ƙirjinsa, shi za mu so, ko da kuwa shi ne mai laifi.

A shekarun da na yi ina koyarwa, na ga ɗalibar da ta daina zuwa makaranta saboda wani da ke tare ta kullum a hanya, jama'a kuma suna cewa ai so ne. Saboda haka idan za ku rubuta labarin irin Rahul, ku rubuta, domin akwai su a cikinmu. Amma ku ba Kiran baki ita ma, mai karatu ya kwana da tsoronta ko da dare ɗaya ne. Allah ya sa mu gane.