Yadda Kasuwa Ta Cinye Sunan Waliyyiya

Na daɗe ina cin karo da kalmar tawdry a littattafan Turanci, ina wuce ta da ma'anar da aka koya mana, wato ƙyale-ƙyale, ado mai ɗaukar ido amma maras daraja. Ranar da na bi sawunta, sai na tarar ashe sunan mutum ne, kuma na matar da ta juya wa ado baya.

Sunanta Etheldreda, amma bakin jama'a ya mai da shi Audrey. 'Yar Sarki Anna ce, wanda ya mulki wani yanki na gabashin Ingila. Ta bar gidan sarauta ta rungumi zuhudu, ta kafa gidan ibada a garin Ely a shekarar 673, ta rasu a 679. Malam Bede, wanda ya kammala littafinsa na tarihi a 731, ya ruwaito cewa wani ƙari ya fito mata a wuya gab da rasuwarta. Ita kuwa ta ɗauki ciwon a matsayin kaffarar sarƙoƙin zinariya da ta yi ƙawa da su tana budurwa.

Bayan rasuwarta Kiristoci suka ɗauke ta waliyyiya, suna kiranta Saint Audrey. Aka riƙa cin kasuwa da sunanta a Ely kowace ranar 17 ga Oktoba, inda mata ke sayen wani zirin siliki na ɗaurawa a wuya mai ɗauke da sunanta. Da yawan faɗi, harafin t na ƙarshen Saint ya manne wa Audrey, sauran suka zube, aka sami tawdry. Har Shakespeare ya ambaci zirin a wasansa The Winter's Tale, inda wata 'yar ƙauye ke tuna wa saurayinta alkawarin saya mata shi.

To, da kayan suka yi araha suka zama na 'yan ƙauye, sai masu hali suka raina su. Kafin ƙarshen ƙarni na 17 kalmar ta koma nufin duk wani adon banza.

Abin lura gare mu ɗaliban harshe shi ne, mai suna ba shi da iko da abin da baki zai yi da sunansa. Wannan baiwar Allah ta yi nadamar adon wuya, amma yau da sunanta ake kushe kwalliyar da ba ta biya kuɗin sabulu ba.