Ben Enwonwu da Sana'ar Zubin Tagulla

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Ife da na Binin sun gwanance wajen zubin tagulla. Su kan siffanta kan sarki da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sa'an nan su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da sojan Ingila suka ci Binin a 1897, suka kwashe irin waɗannan kaya, sai mutanen Turai suka yi ta yaba aikin, amma ba a tambayi sunayen maƙeran ba. Aka ɗauka aikin Afirka na kabila ne kurum, ba na wani gwani mai suna ba.

Ben Enwonwu yana cikin waɗanda suka fara kawar da wannan zato. An haife shi a Anaca a 1917, ubansa kuwa masassaƙi ne, watau sana'ar ya gada. Ya yi koyo a hannun wani Bature, Kenneth Murray, kana ya tafi Ingila a 1944, ya shiga makarantar Slade ta London.

Bayan komowarsa ya yi aiki da itace da tagulla duka. Da itace ya sassaƙa siffar Almasihu domin majami'ar Jami'ar Badun. Da tagulla kuwa ya yi Anyanwu a 1954 zuwa 1955, domin gidan kayan tarihi na Ikko. Siffar mace ce siririya, tana miƙewa sama, sunan kuwa da harshen Ibo ma'anarsa idon rana. A 1966 Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya irinta kyauta.

Aikin da ya fi jawo magana shi ne na Sarauniya Elizabeth. A 1957 ta zauna masa a fadar Buckingham, ya siffanta ta, alhali ƙasarsa tana ƙarƙashin mulkinta. Da aka buɗe mutum-mutumin, waɗansu suka ce ya sa mata kamannin Afirka. Ko ma dai yaya, shekara 60 bayan an kwashe tagullar Binin ba sunan kowa, ga ɗan Nijeriya ya siffanta mai sarautar Ingila, jaridu na ambaton sunansa.

Ya zama farfesa a Jami'ar Ife a 1971. Ya rasu a Ikko a 1994.