Dalilan da ke sa hitar mota ta yi rauni bayan gyaran lagireto da yadda ake gano su

A yawancin watannin shekara, direba a Najeriya ba ya tunawa da hitar motarsa. Sai hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, ko tafiyar asuba ta kai shi Jos ko tsaunin Mambila, ko kuwa ruwan damina ya sa gilashin gaba ya yi hazo, sannan ya murɗa ta. A nan ne wasu ke tarar da cewa tun ranar da aka sauya musu lagireto, ko famfon ruwa, ko tiyo, iskar da ke fitowa ɗumi-ɗumi ce kawai.

Bai kamata a yi wasa da wannan alama ba. Ruwan da ke sanyaya inji shi ne dai ke ɗumama cikin mota, don haka raunin hita kan zama gargaɗin farko cewa ruwan ba ya zagayawa yadda ya kamata.

Yadda hita ke aiki

A bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto. Tiyo biyu ne ke haɗa shi da inji: ɗaya na kai masa ruwan zafi, ɗaya na komar da shi. Fanka na hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki zafi ta shigo wa fasinjoji. Wani marfi da ke cikin akwatin hitar shi ke raba iskar tsakanin mai zafi da mai sanyi. Ke nan ana bukatar abu uku: ruwa ya yi zafi sosai, ya riƙa ratsa ƙaramin lagireton, iska kuma ta bi ta cikinsa.

Iskar da ta maƙale

Wannan ne sanadin da aka fi samu bayan gyara. Duk lokacin da aka tsiyaye ruwa, iska kan maye gurbinsa. Idan ba a kore ta ba wajen sake cikawa, sai ta taru a wurare masu tudu, kuma a motoci da yawa ƙaramin lagireton hita na cikinsu. Alamunta su ne jin ɓulɓular ruwa a bayan dashbod, da hitar da ke yin zafi idan an taka totur amma ta huce idan mota na silo, da allurar zafi mai hawa da sauka.

Haɗarin shi ne iska ba ta kwashe zafi kamar ruwa. Sashen kan inji da ta maƙale a ciki zai iya yin zafi fiye da kima, kuma idan na'urar auna zafi ta faɗa cikin iskar, allura za ta iya nuna abin da ba shi ne ba.

Ana korar iskar ne bayan inji ya huce sarai. A ajiye mota gabanta na kallon tudu, a buɗe murfin lagireto ko na tankin roba, a cika ruwa a hankali, a kai maɓallin hita ƙarshen zafi, sannan a tayar da inji. A bar shi yana aiki har tiyon sama ya yi zafi, fankar lagireto ta tashi, ana ƙara ruwa duk lokacin da ya ragu, har kumfa ta daina fitowa. Motoci irin su Peugeot 406 da BMW da dama suna da ƙananan sukurori na fitar da iska, waɗanda ake sassautawa har ruwa zalla ya fito. Washegari da safe a sake duba yawan ruwan. Littafin kowace mota na ɗauke da tsarin da ya dace da ita.

Tamosta

Tamosta ƙaramar ƙofa ce da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama. Yawanci tana buɗewa ne tsakanin digiri 82 zuwa 92 a ma'aunin Salshiyas. Idan ta ƙage a buɗe, ko aka sa wadda ba ta dace da motar ba, inji ba zai kai zafin aikinsa ba, hita kuma za ta yi ta ba da iska mai rauni. Alamar hakan ita ce allura ta tsaya ƙasa da inda ta saba, musamman a kan babbar hanya. A motocin zamani, kwamfutar bincike kan nuna lambar P0128.

A garejinmu akwai al'adar cire tamosta baki ɗaya, bisa tunanin cewa don ƙasashe masu sanyi aka yi ta. Wannan kuskure ne. Injin da ke aiki a sanyaye ya fi shan mai, kuma ya fi saurin lalacewa. Yana da kyau mai mota ya tambayi bakanike kai tsaye ko an mayar da ita, kuma ko an ɗaura ta daidai. Mai ɗan ramin fitar da iska a gefenta, galibi ana ɗaura ta ne ramin yana daga sama.

Gwajin tiyo biyu

Bayan inji ya ɗumama, a taɓa tiyo biyun da suka shiga bangon da ke raba inji da cikin mota, cikin taka-tsantsan, nesa da fanka da bel.

Idan ɗaya ya yi zafi ɗaya kuwa bai yi ba, ruwa ba ya wucewa: ko iska ce ta tare, ko ƙaramin lagireton ya toshe. Hanyoyin cikinsa sirara ne ƙwarai, kuma gyara kan tayar da tsatsa da datti su je su cushe su. Haka nan maganin liƙe yoyo da ake zubawa a lagireto, da gauraya ruwan sanyaya inji iri daban-daban, da daɗewa ana amfani da ruwan rijiya ko na famfo zalla. Maganinsa shi ne a cire tiyo biyun a wanke shi ta baya da ruwa marar ƙarfi.

Idan duka biyun ba su yi zafi ba, a duba yawan ruwa, da bawul ɗin hita a motocin da ke da shi, da ko wani tiyo ya lanƙwashe. A kuma tabbatar ba a haɗe tiyo biyun da juna ba, domin wasu makanikai kan yi haka idan ƙaramin lagireton na yoyo.

Idan kuwa duka sun yi zafi amma iska ba ta yi ba, laifin na marfin da ke raba iska ne ko na'urar da ke juya shi. Idan iskar ce ba ta da ƙarfi, a duba matatar iskar cikin mota, wadda ƙurar hunturu ke saurin toshewa.

Famfon ruwa da gaskit

Famfon da fikafikansa suka cinye, ko jabu da aka ɗaura, ba zai tura ruwa da ƙarfi ba. Mafi muni shi ne idan aka kori iska sau da yawa tana dawowa. Wannan na iya nufin gaskit ɗin kan inji ya ƙone, hayaƙi na kutsawa cikin ruwa. Sauran alamunsa su ne raguwar ruwa ba tare da an ga yoyo ba, da farin hayaƙi mai kauri a salansa ko bayan inji ya ɗumama, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara. Ba a ci gaba da tuƙa mota a wannan hali.

Abin kiyayewa

Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan na ƙarƙashin matsi, zafinsa kan wuce digiri 100, kuma yakan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Ruwan sanyaya inji guba ne mai zaƙi-zaƙi, don haka a nisanta shi daga yara da dabbobi. Idan ba gaurayayye aka saya ba, yawanci ana haɗa shi ne rabi da rabi da tataccen ruwa.

Abu mafi sauƙi shi ne a gwada hita tun kafin a bar gareji, ko da a watan Afrilu ne. Idan kuma ana cikin tafiya hitar ta koma sanyi farat ɗaya, allura kuma ta fara hawa, alama ce ruwa ya yi ƙasa sosai. A sauka gefen hanya, a kashe inji nan take.