Ƙuri'un Kano da Gardamar Zaɓen 1979

Ran 11 ga watan Agusta 1979 aka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko a Nijeriya. An rubuta sunan mutum miliyan 48 da ɗoriya, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 17 ba. Duk da haka ya fi zaɓe huɗu da suka gabace shi a watan Yuli cika.

Alhaji Shehu Shagari na NPN ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami rubu'i a jiha 12. Doka kuwa ta ce sai an sami rubu'i a sulusi biyu na jihohi 19. A Kano, inda Malam Aminu Kano ya kwashe galibin ƙuri'u, Shagari bai cika kashi 20 cikin ɗari ba. Sai lauya Richard Akinjide ya ce ai sulusi biyu na 19, 12 ne da sulusi biyu, saboda haka sudusin ƙuri'un Kano ya wadatar. Wannan lissafi, a ganina, ya fi kama da dabara.

Cif Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta kore ta ran 26 ga Satumba. Magoya bayan UPN ba su yarda ba, suka daɗe suna cewa an yi musu ƙwace.