Hajji da Umara daga Zamfara: Ina kuɗin ke tafiya, ina ake samun rangwame?

A ƙasashen Turai da Amurka, idan aka yi zancen tafiyar hutu, akasari ana nufin zuwa bakin teku ne ko kuma yawon shaƙatawa a cikin manyan jiragen ruwa.

A Gusau da Tsafe da Bunguɗu kuwa, tafiyar da magidanci kan shafe shekaru yana tara wa kuɗi ita ce ta zuwa ƙasa mai tsarki, ko dai don sauke farali ko kuma don yin Umara.

Tsadar wannan tafiya ta ninka kusan sau uku a cikin shekaru biyu kacal, daga 2023 zuwa 2025, abin da ya sa jama'a da dama ke neman hanyar da za su rage kashe kuɗi. Wasu hanyoyin na da fa'ida, wasu kuma sun jefa mutane cikin asarar dukiya, har ma da ta rayuka.

Me ya sa kujera ta yi tsada?

A shekarar 2023, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, ta tsayar da kuɗin kujera ga akasarin jihohin arewa, ciki har da Zamfara, a kan naira miliyan 2 da dubu 919.

A 2024 an fara da kimanin naira miliyan 4.7, amma a watan Maris sai aka nemi waɗanda suka riga suka biya da su cika ƙarin naira miliyan 1.9, duk da tallafin naira biliyan 90 da gwamnatin tarayya ta bayar a wannan shekarar.

A 2025 kuɗin ya kai kusan naira miliyan 8 da rabi, kafin ya sauko zuwa kimanin miliyan 7.7 a aikin Hajjin 2026.

Dalilin wannan hawa da sauka dai bai da wuyar ganewa. Kuɗin jirgi da na masauki a Makka da Madina da na tantuna a Mina da Arfa, duk da dala ko riyal ake biyansu. Shi kuma riyal tun 1986 hukumomin Saudiyya suka ɗaure shi da dalar Amurka, a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya.

A watan Mayun 2023 ana canzar da dala a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta sakar wa kasuwa ragamar canji a watan Yuni na shekarar, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024.

Idan aka auna kuɗin kujerar da canjin kowace shekara, za a ga cewa maniyyacin 2023 ya biya dala dubu 6 da 'yan kai, na 2025 kuwa kimanin dala dubu 5 da rabi. Wato a lissafin dala aikin Hajji bai ƙara tsada ba, darajar kuɗin da ke aljihun maniyyaci ce ta zube.

Wannan shi ne abin da ya kamata duk mai shirin tafiya ya fara sani, domin shi ke nuna inda za a iya yin tsimi da kuma inda ba za a iya ba.

Tara guzuri

Tun da jimawa mutanen karkara ba su cika ajiye kuɗin Hajji a matsayin tsabar kuɗi ba. Manomi kan yi turkar shanu ko raguna, ko ya kimsa masara da dawa da waken soya a rumbu. Mata kuma kan shiga adashi ko su sayi zinare.

Hikimar ita ce, dabba da hatsi da zinare kan bi farashin kasuwa su tashi a lokacin da naira ke faɗuwa.

Sai dai a Zamfara lamarin ya sauya. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da sauran ƙananan hukumomi fiye da shekaru goma, sun mayar da garke da rumbu ajiyar da za ta iya salwanta a dare ɗaya.

Shi ma hatsin ba kullum yake riba ba. A 2025 farashin masara da sauran kayan abinci ya karye a kasuwannin arewa, kuma waɗanda suka saya da tsada suka ɓoye sun tafka asara.

A 2020 ne NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, ta ƙaddamar da shirin adashin gata na Hajji tare da bankin Jaiz, daga baya kuma aka shigar da wasu bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. An kwaikwayo tsarin ne daga asusun Tabung Haji na ƙasar Malesiya, wanda aka kafa tun 1963.

A ƙarƙashin shirin, mutum na zuba abin da ya sawwaƙa a hankali, ana juya kuɗin ta hanyoyin halal, ana kuma raba riba.

Amfaninsa a bayyane yake ga ma'aikacin gwamnati ko malamin makaranta mai ɗaukar albashi a ƙarshen wata, domin yana raba shi da kuɗin kafin biki ko suna su cinye su. Amma ajiyar da naira ake yin ta, saboda haka ba ta kare mai ita daga faɗuwar darajar kuɗi. Wanda ya tara naira miliyan 3 a 2023 yana ganin ya kammala, ya wayi gari a 2025 bai kai rabin kujera ba.

Akwai kuma batun lokaci. A 'yan shekarun nan hukumomin Saudiyya na buƙatar a kammala biyan kuɗin masauki da na tantuna watanni da dama kafin aikin Hajji, don haka wa'adin biyan kuɗin ajiya kan faɗo ne a wajejen kaka, daidai lokacin da amfanin gona ya fi araha. Manomin da ya jira sai an yi sanarwa sannan ya kai buhunansa kasuwa, yakan sayar da buhu uku a kuɗin biyu.

Umara: bambancin wata da wata

Kuɗin kujerar Hajji ta hannun hukumar alhazai ta jiha a ƙayyade yake, babu ciniki. A Umara ne mutum ke da zaɓi na gaske, domin kamfanoni masu zaman kansu ke shirya ta, kuma farashinta na bin yawan masu nema.

Lokaci mafi tsada shi ne goman ƙarshe na Ramadan, saboda falalar da hadisi ya ambata game da Umara a watan azumi. A waɗannan kwanaki ɗakin otal da ke kusa da Harami kan ninka farashinsa sau da dama, tikitin jirgi ma haka.

Farashin kan sake ɗagawa a ƙarshen Disamba, lokacin hutun makarantu a ƙasashe da yawa. Yakan yi sauƙi a watannin Muharram da Safar, jim kaɗan bayan watsewar alhazai, sai dai a 'yan shekarun nan watannin na faɗowa ne a tsakiyar zafin Saudiyya, abin da ya kamata tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon suga su yi la'akari da shi.

Ko a cikin Ramadan ɗin ma, goman farko ya fi na ƙarshe rangwame.

Bayan lokaci, sai nisan masauki. Otal-otal da ke fuskantar Masallacin Harami su ne mafiya tsada. Waɗanda ke can ƙasan titin Ibrahim Khalil da unguwar Misfala, inda 'yan Najeriya suka saba sauka, sun fi araha, na Kudai da Aziziyya kuma sun fi su, kuma da yawansu na da motocin da ke jigilar baƙi zuwa masallaci.

Ga matashi mai ƙarfi wannan ciniki ne mai kyau. Ga dattijon da gwiwa ke damu kuwa, abin da aka rage a kuɗin ɗaki yakan koma ga masu tasi da masu tura keken guragu, ko kuma ya ƙare yana salla a ɗaki, alhali ba don haka ya baro gida ba.

Mutum huɗu su haɗa ɗaki ɗaya na rage kuɗi sosai. Haka ma bin jirgin da zai ya da zango a Addis Ababa ko Alƙahira kan fi wanda zai miƙe daga Kano zuwa Jidda sauƙi a wasu lokutan, muddin an tabbatar da nauyin kayan da tikitin ya amince da shi.

Tsakanin Makka da Madina akwai jirgin ƙasa mai gudu na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana cin tafiyar kilomita 450 a cikin kimanin sa'o'i biyu da rabi. Motar safa ta fi shi araha, amma takan ɗauki fiye da ninkin wannan lokaci.

Daga gida zuwa filin jirgi

Akwai wani kashe kuɗi da ba ya fitowa a takardar kamfani, wato na isa filin jirgin kansa.

Shekaru da dama maniyyatan Zamfara sun riƙa tashi ne daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, masu Umara kuma kan nufi Kano ko Abuja. A 2024 ne gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikin gina filin jirgin sama a Gusau.

Bunguɗu na kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, Tsafe kuma na kan ta Gusau zuwa Funtuwa, kuma dukkan hanyoyin biyu sun sha fama da masu garkuwa da mutane. A watan Afrilun 2024 gwamnatin jihar ta ba da umarnin hana zirga-zirgar motoci a kan iyakokinta da Katsina da Sakkwato daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe.

Kuɗin mota ya tashi ƙwarai tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma yakan ƙara tashi a jajibirin Salla. Duk da haka, tafiyar dare don gudun biyan kuɗin kwana ɗaya a Kano ba tsimi ba ne da ya cancanci a gwada a waɗannan hanyoyi. Tashi da hantsi, kwana guda kafin ranar jirgi, shi ne abin da waɗanda suka saba ke yi.

Arahar da ke kisa

Duk shekara akan samu masu tallata Hajji a rabin farashin hukuma. Akasari abin da suke sayarwa bizar ziyara ce ko ta Umara, da nufin mutum ya shiga Saudiyya da wuri ya ɓuya har lokacin Arfa.

Wanda ya bi wannan hanya ba shi da tanti a Mina, ba shi da gurbi a motocin alhazai, kuma yakan ji tsoron zuwa asibiti don kada a kama shi.

A aikin Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, ministan lafiyar Saudiyya ya sanar da mutuwar mutane 1,301, ya kuma ce kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin aikin Hajji.

A 2025 hukumomin ƙasar suka ɗaga tarar yin Hajji ba da izini ba zuwa riyal dubu 20, tare da korar baƙon da aka kama da hana shi shiga ƙasar har shekaru goma.

NAHCON kan fitar da jerin kamfanonin da ta ba lasisi, kuma duba sunan kamfani a cikin jerin ba ya cin ko sisi. Biyan kuɗi a asusun hukuma ko na kamfani, a karɓi rasit, ya fi damƙa su ga wani don kawai an san shi a unguwa ko a masallaci.

Malaman fiƙihu dai sun yi ittifaƙi a kan cewa Hajji na wajaba ne a kan wanda ya samu iko, kuma a wajen mafi yawansu ikon ya haɗa da guzuri da amincin hanya.

A can ƙasa mai tsarki kuma, abin da ya fi cinye guzuri shi ne tsaraba. Kuɗin guzurin da ake ba alhazan Najeriya ya sauko daga dala 800 a shekarun baya zuwa dala 500 a 2024. Da yawa daga cikin carbi da darduma da jallabiyoyin da ake jibgowa daga kasuwannin Makka, a China ko Turkiyya aka yi su, kuma ana samun irinsu a Kano ba tare da biyan kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi ba.

Ta jirgin ruwa fa?

Kafin jiragen sama su karɓe jigilar alhazai, mahajjatan ƙasar Hausa ta ƙasa suke bi, ta Borno da Chadi da Darfur har zuwa gaɓar Bahar Maliya, inda suke shiga jirgin ruwa daga Suwakin ko Port Sudan zuwa Jidda.

Ita ce hanya mafi araha da aka taɓa sani, domin mutum kan tashi da ɗan abin da ke hannunsa, ya riƙa tsayawa yana ƙwadago, musamman a gonakin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925. Tafiyar kan ci shekaru, kuma da yawa ba su dawo ba. Zuriyarsu na nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya shafi har masu tafiya ta sama, domin rufe sararin samaniyar ƙasar ya tilasta wa jiragen alhazan Najeriya yin zagaye a wannan shekarar, abin da ya ƙara sa'o'in tafiya da kuɗin mai.

A Jidda kuma akwai jiragen ruwa na shaƙatawa da ake tallatawa. Kamfanin AROYA, mallakar asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, ya fara yawo da fasinjoji a Bahar Maliya a watan Disamban 2024, kuma mai hali na iya haɗa irin wannan yawo da Umararsa.

A irin waɗannan jirage, ɗakin ciki marar taga shi ne mafi araha, kuma farashin da ake tallatawa yawanci na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu. Kuɗin hidimar ma'aikata da na intanet da na yawon gani da ido a tashoshin da jirgin ke tsayawa, akasari daban ake cajinsu.