Kanwa, Allo da Hanyar Gabas

Kakana bai taɓa cewa Borno ba, Gabas yake cewa. A can ya yi karatun allo, ya dawo da hadda, da ɗan Barbarcin da bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, da kuma ɗabi'ar lasar kanwa kafin ya saya. Sai ya ce wannan ungurnu ce ta bakin tafkin Cadi, waccan kuwa ta Manga ce, kada a cuce shi. Ina yaro na ɗauka Gabas sunan wani gari ne mai ƙofa da ganuwa. Da na girma na soma bin tarihin Kano, sai na ga ashe hanyar da ya bi da ƙafa ta girme shi da shekara ɗari biyar.

Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, wani ɗan sarautar Borno da ake kira Dagaci ya iso da jama'arsa da dawakai, aka sauke shi. Wanda ya biyo bayan Dauda, Abdullahi Burja, shi ne aka ce ya fara aika wa Borno gaisuwa, kuma a zamaninsa aka buɗe hanya daga Borno har Gwanja. Ni a ganina waɗannan abubuwa biyu abu ɗaya ne. Gaisuwar nan ba don ƙauna aka yi ta ba, kuɗin hanya ce. Kano ta samu kanta a tsakiya: goro daga yamma, kanwa da gishiri da dawakai daga gabas, ita kuma ga rini da saƙa da jima. Wanda ke zaune a tsakiyar kasuwa ba ya faɗa da mai ƙofar shigowa.

A cikin kayan da ke bin hanyar nan har da mutane, bayi, waɗanda ake musayarsu da doki. Masu son tarihi ya yi daɗin ji sukan tsallake wannan.

Abin da ya fi burge ni shi ne kayan da ba a ɗora wa jaki ba. Galadima, Ciroma, Yarima, duk sarautu ne da suka zo mana daga Borno, inda a da Galadima ke zaune a Nguru yana tsaron yammacin daular. Tsangaya da gwani kalmomin Barebari ne. Masana harshe ma sun ce kasuwa, da karatu da rubutu, ta bakin Barebari suka shigo Hausa. Ke nan Bahaushen da ya ce zai tafi kasuwa in ya tashi daga karatu, ya yi Barbarci sau biyu bai sani ba. A Kano har yau ga Zangon Barebari, kuma cikin manyan fataken goro na da akwai Kambarin Barebari, masu danganta asalinsu da can.

Sai jihadi ya zo, ƙasashen Hausa da da kowace ke cin gashin kanta suka haɗu ƙarƙashin tuta ɗaya. Gaisuwar da ake kaiwa gabas ta koma Sakkwato. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Ngazargamu, daga yammacin Borno kuma aka yanko ƙasashen da suka zama Katagum da Misau da Jama'are. Nan Shehu Muhammadu al-Kanemi ya tashi, ya tare su da takobi da alƙalami. Wasiƙun da suka yi ta musaya da Muhammadu Bello na Sakkwato suna nan cikin Infaƙul Maisuri. Hujjarsa ita ce saɓo daban, kafirci daban, don haka da wane dalili za a yaƙi ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana salla? Bello ya amsa da tasa hujjar. Ba wanda ya kayar da wani. Al-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814, ya kuma ɗauko runduna ya nufo Kano wajen 1826, sai Yakubun Bauci ya tare shi. Daga nan kowa ya san iyakarsa. Gumel da Damagaram suka zauna ɓangaren Borno, Haɗeja ɓangaren Sakkwato.

To amma sarakuna na rubuta wa juna zafafan takardu, ayari bai tsaya ba. Baturen nan Clapperton ta Kukawa ya iso Kano a 1824, Barth kuma daga Kano ya nufi Kukawa a 1851, duk ta turbar fatake. In fitina ta tashi, kamar lokacin da Buharin Haɗeja ya yi wa Sakkwato tawaye, madugai su karkata ta wata hanyar. Ko kuɗin ma bin hanyar ya yi: Borno da ƙyallen saƙi take ciniki, wuri bai kama kasuwar Kukawa ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19, kuma daga wajenmu ya je. Rabeh ne ya girgiza al'amarin ƙwarai da ya ci Borno a 1893, kafin Faransawa su kashe shi a Kusiri a 1900.

Turawa suka raba bakin tafkin Cadi gida huɗu. Jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, kanwa ta sauka daga bayan jaki ta hau tarago. Bayan 'yancin kai, a 1964, Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa hukumar tafkin Cadi. Da aka kafa ECOWAS a Legas a 1975 kuwa, iyakarta ta gabas a bakin tafkin ta tsaya, Cadi da Kamaru suna waje. Shanun Cadi dai ba su fasa shigowa ta Gamboru ba.

Kakana ya rasu bai mallaki fasfo ba. Allonsa na nan a ɗakin gwaggona, rubutun jikinsa irin na Barebari ne, mai kauri, wasullan da jan tawada.